In ajiye direba a gida? Rami ɗaya ke lalata mini wasa duk Asabar

Abu_Khalil_KT:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi. Shekara biyu ke nan da fara ƙwallon lambu, wato golf, handikaf ɗina (rangwamen bugun da ake ba ɗan wasa gwargwadon matsayinsa) 24, ya ƙi motsawa tun bara. Ranar Asabar na fita da sassafe, na yi ramuka takwas lafiya lau, bogi nake ta yi, har da far guda biyu (far shi ne adadin bugun da aka ƙayyade wa rami, bogi kuwa bugu ɗaya sama da far). Da muka zo wani rami mai far 4 wanda ya lanƙwasa, na zaro direba, sandar da ta fi kai ƙwallo nesa, na narka mata ƙarfi, ƙwallo ta karkata dama ta faɗa cikin bedi. Muka same ta a gindin itace, ƙarangiya ta kama mini wando har gwiwa. Maimakon in fito da ita gefe, sai na hango wata 'yar kafa tsakanin itatuwa biyu, na ce ayon 5, sandar ƙarfe mai lamba 5, zai ratsa. Ta daki reshe ta dawo bayana. Na sake, ta sake. Bugu 9 na rubuta a ramin nan, daga nan zuciya ta ɓaci, na tashi da 104.

Shin in bar direba a gida gaba ɗaya? Kuma ku da kuka daɗe, ta yaya kuke yanke shawarar sandar da za ku zaro?

Baba_Ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin a kama direba da laifi, ka sake karanta abin da ka rubuta. Direba bugu ɗaya ya ci maka, wato na fitowa daga cikin itace. Sauran ukun da suka biyo baya kai da ayon 5 kuka yi su. Da ka ɗauki wej, sandar gajeren bugu, ka turo ta yadi 20 zuwa feyawe, wato gyararren filin tsakiya, bugu na uku ka nufi girin, shimfiɗar da ramin yake, da 5 ko 6 ka tashi. Na fi shekara talatin ina wannan wasa, tun ina aiki a Kaduna, kuma abin da ya fi cinye mana maki shi ne bugun da ke biyo bayan kuskure. Mutum yana jin haushi, yana so ya rama nan take.

Dan_Gobarau:
Ai kau Baba ya gama magana. Ni dokar da na sa wa kaina: idan ba zan iya wuce kafar nan sau takwas cikin goma ba, gefe nake fitowa. Ba ciniki.

Injiniya_Daura:
Abu Khalil, bari mu yi lissafi, don lissafi ba ya son kai. Fili mai far 72, kai handikaf 24. Ma'ana an ba ka kyautar bugu ɗaya a kowane rami, sannan bugu biyu a ramuka shida mafi wuya. Idan ka yi 96 ka yi daidai da matsayinka. Idan ka yi bogi a duk ramuka 18, ka yi 90 cif, ka fi kanka da bugu shida. To me ya kai ka neman isa girin da bugu biyu?

Ɗauki rami mai yadi 380. Haibirid, sandar dogon bugu mai sauƙin sarrafawa, ya ba ka 170, ayon 7 ya ba ka 140, saura 70. Wej ya ɗora ta a girin, fota (bugun gangara ƙwallo zuwa rami) biyu, ka rubuta 5. Babu bugu ko ɗaya a cikin nan da ya fi ƙarfinka. Ni tun da na fara kallon kowane far 4 a matsayin far 5, far 5 kuma far 6, na sauko daga 22 zuwa 16 cikin shekara ɗaya da rabi. Kuma daga Daura nake tasowa, sau biyu a wata kawai nake samun wasa.

Malam_Lissafi:
Injiniya, da girmamawa, lissafin nan naka yana da rami a cikinsa. Ka ɗauka duk bugun biyar ɗin nan za su fita yadda aka so. Mai handikaf 24 ba ya buga haibirid 170 a miƙe kullum. Wani lokaci zai sare kanta ta gangara yadi 60, wani lokaci zai tono ƙasa. Duk bugun da ka ƙara cikin shiri, ka ƙara wata ƙofar kuskure.

Akwai wani farfesa a Jami'ar Columbia ta Amurka, Mark Broadie, wanda ya tattara bayanan bugu masu tarin yawa na ƙwararru da na 'yan koyo. Tsarin awonsa ne hukumar gasar ƙwararru ta Amurka, PGA Tour, ta fara amfani da shi a 2011. Abin da ya gano shi ne kusan kashi biyu cikin uku na bambancin maki tsakanin gwani da wanda bai kai shi ba daga dogon bugu yake zuwa, wato wanda ya haura yadi 100. Kuma a mafi yawan lokuta, wanda ya fi kusa da rami ya fi samun sauƙi, ko da yana cikin ciyawa mara tsawo. Don haka ni ban yarda a ce wa mutum ya ajiye direba ba. Abin da za a ce masa shi ne ya guji bugun tara, wato na hukunci: ruwa, wajen iyaka, ɓatan ƙwallo, da cikin itace. Ramin da babu waɗannan, ya saki hannu.

Injiniya_Daura:
Malam, na karɓi gyara a kan cewa haibirid ma yana kuskure. Amma kuskuren haibirid ɗina yana barina a fili, kuskuren direba yana kai ni inda sai an nemo ni. Bambancin ke nan.

Malam_Lissafi:
Wannan kuma sai an auna. Da yawa suna zaton wud 3, ƙanen direba, ya fi direba miƙewa sosai, alhali kansa ƙarami ne, ya fi wuyar samu a tsakiya. Sai mutum ya yi asarar yadi 20 kuma ya ƙare cikin bedin da yake gudu.

Tsohon_Kadi:
Yallaɓai duka, ku yi mini afuwa in sa baki. Ni ban yi karatun lissafi ba, amma na ɗauki jaka shekara goma sha ɗaya kafin in fara buga nawa. Abin da na fi gani a wajen manyanmu shi ne ba su san nisan sandunansu ba. Ka tambayi mutum ayon 7 nawa yake kai maka, ya ce 160. Gaskiya ne ya taɓa kai 160, rana ɗaya, iska na bayansa, ƙasa ta bushe ƙwallo ta yi ta gudu. Amma wanda yake yi kullum 135 ne. To wancan 160 ɗin ne ya zauna masa a kai. Shi ya sa za ka ga goma sun buga zuwa girin, takwas sun gaza, da wuya ka ga wanda ya zarce. Kuma bonka, wato ramin yashi, da sauran tarko yawanci a gaba ake sa su.

Akwai wani Alhaji da na daɗe ina ɗaukar wa jaka, Allah ya jiƙansa. In ya ce in ba shi 8, sai in ce ranka ya daɗe ga 7 dai. Da fari yakan yi faɗa. Daga baya ya daina tambaya, sai ya miƙo hannu kawai.

Hajiya_Fota:
Allah ya jiƙansa. Tsohon Kadi ya faɗi abin da ya dame ni na tsawon lokaci. Abin da na yi shi ne na ɗauki ƙwallo goma, na je filin atisaye da yamma, na buga su da sanda ɗaya, na cire biyu mafi nisa da biyu mafi kusa, na auna tsakiyar shidan da suka rage. Haka na bi sandunan duka cikin sati biyu, na rubuta a 'yar takarda na manna cikin aljihun jaka. Na ga abin mamaki: ayon 5 da ayon 6 ɗina nisansu ɗaya ne, don ba ni da saurin da zai tashi ayon 5 sama. Na cire 4 da 5 na sa wud 7 da haibirid. Mu mata da dattawa irin su Baba, dogayen ayon wahala ce kawai muke ɗauka.

Kuma Abu Khalil, nisa iri biyu za ka rubuta: inda ta sauka, da inda ta tsaya. In akwai bonka a gabanka, na farkon ne ke da amfani.

Baba_Ritaya:
Hajiya ta yi gaskiya, ni ma ayon mafi tsawo a jakata yanzu 6 ne.

Yaron_Layout:
Don Allah tambayar ɗan koyo. Sanda nawa aka yarda mutum ya ɗauka? Yayana ya ba ni saitinsa na da, na ƙirga 16.

Dan_Gobarau:
14 ne iyaka ƙanena. In ka shiga gasa da fiye da haka, tarar bugu biyu ne a kowane ramin da ka buga da su, har zuwa bugu huɗu a zagaye. Ka rage biyu tun a gida. Kuma ba dole sai ka cika 14 ba. Kai da kake farawa, guda bakwai sun ishe ka: wud ɗaya, haibirid, ayon 6, 8, fichin wej, san wej, da fota.

Yaron_Layout:
Na gode Yaya. Akwai wej uku a ciki, ɗaya an rubuta 60 a gindinsa.

Tsohon_Kadi:
Shi za ka fara cirewa. Lamba 60 ɗin kwanciyar fuskar sandar ce. Fichin wej yana wajen 44 zuwa 48, san wej 54 zuwa 56, shi kuwa 60 na ɗaga ƙwallo sama ne ta faɗo ta tsaya. Wannan aikin ciyawa mai laushi ne. A ƙasarmu ta rani da ta yi tauri kamar daɓe, gindin sandar zai daki ƙasa ya yi tsalle, bakinta ya sari ƙwallo a ciki, ka gan ta ta tsallake girin ta wuce yadi 40. Na ga wannan ba sau ɗaya ba sau biyu ba.

A nan, in kana yadi 20 ko 30 da girin kuma ba komai a tsakani, ayon 8 ko 7 za ka ɗauka, ka riƙe shi ƙasa-ƙasa, ƙwallo wajen ƙafar baya, nauyinka a ƙafar gaba, ka buga kamar fota. Ta ɗan yi tsalle ta gangara. In ƙasar ta yi sumul ma, fotar kanta za ka sa tun daga waje. Mummunan bugun fota ya fi mummunan bugun wej kusa da rami.

Mai_Doki_Kangiwa:
Ni daga folo na shigo wannan wasa, kuma ina ganin matsalar Katsinawa da yawa daga nan take. Mu garin doki ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko folo ya kafu a nan, Sarki Usman Nagogo kuwa duniya ta san shi da shi. A folo ƙwallo na gudu, doki na gudu, abokin hamayya na kafaɗarka, ba ka da lokacin tunani, sai ka kai mata duka. Da na zo golf hannuna ya saba da wannan. Sai da na shekara kafin in gane cewa a nan ba mai kora ta. Ƙwallo na zaune tana jira. Duk gaggawar daga cikin kaina take.

Dan_Gobarau:
Ranka ya daɗe, amma ku 'yan folo kuna da ido da ƙarfin wuyan hannu, na ga yadda kuke aika ta.

Mai_Doki_Kangiwa:
Wuyan hannun ne ma ke karkatar da ita hagu in ba a kula ba. Abin da ya gyara ni shi ne wani ƙwararre a Kaduna da ya sa na yi sati uku ina buga rabin lilo kawai.

Ummu_Sadiq:
Mu dawo kan maganar Abu Khalil. Ba wanda ya yi zancen lokaci, alhali shi ne rabin amsar. Filin da ka buga a watan Agusta ba shi ne na watan Fabrairu ba, ko da ramukan ba su motsa ba. Da damina ƙasa ta yi laushi, ƙwallo na sauka ta tsaya, ciyawar gefe ta yi tsawo ta haɗiye ƙwallo. A lokacin kana buƙatar nisan sama, direba na da amfani. Da rani kuwa haibirid ɗin da ke ba ka 170 zai iya gangarawa ya kai kusan 200. To direba me zai ƙara maka ban da gudu zuwa cikin itace? Ƙwallon da ta ɗan karkata a busasshiyar ƙasa ba ta tsayawa, tana ci gaba da bin karkatar.

Ba mu kaɗai ba ne. A gasar Open ta 2006 a Hoylake ta Ingila, zafi ya busar da filin ya koma ruwan ƙasa kamar namu. Tiger Woods sau ɗaya tak ya zaro direba a ramuka 72. Da ayon ya yi ta ajiye ƙwallo kafin bonka, ya ci gasar da 18 ƙasa da far. In mutumin da ya fi kowa a zamaninsa ya ga busasshiyar ƙasa ya mayar da direba jaka, mu fa?

Malam_Lissafi:
Hajiya Ummu Sadiq, labarin gaskiya ne, amma a duba wani abu. Tiger ya iya barin wa kansa yadi 200 zuwa girin ya ɗora ta da ayon 4. Abu Khalil in ya bar wa kansa 200, bugu biyu ne a gabansa. Dabarar ta yi aiki ne don wanda ya yi ta ba shi da na biyu a dogon ayon. Sai dai na yarda da ke ɗari bisa ɗari a kan bambancin rani da damina, wannan ban kawo shi cikin lissafina ba.

Injiniya_Daura:
To ai Malam bugu biyun nan su nake cewa ya karɓa tun farko da hannu bibbiyu. Zach Johnson ya ci gasar Masters a 2007 ba tare da ya nemi isa girin da bugu biyu a far 5 ko sau ɗaya ba. Kullum sai ya ajiye ta inda wej ɗinsa ya fi so.

Baba_Ritaya:
Tunda ana kawo misalai, ni wanda ba na mantawa shi ne na 1999, na kalle shi a talabijin. Wani Bafaranshe, Jean van de Velde, ya zo ramin ƙarshe na gasar Open a Carnoustie ta Sikotilan yana gaba da bugu uku. Rami mai far 4, ko 6 ya yi ya ɗauki kofi. Ya zaro direba, ta tafi dama, Allah ya taimake shi ta sauka wuri mai kyau. Nan ne ya kamata ya ɗauki wej ya ajiye ta a feyawe. Sai ya ɗauki ayon 2 ya nufi girin. Ta daki ƙarfen wurin zaman 'yan kallo ta dawo baya cikin doguwar ciyawa. Bugu na uku ya faɗa rafi. Har ya cire takalmi da safa ya naɗe wando ya shiga ruwan yana tunanin bugawa daga ciki, kafin ya haƙura ya karɓi tara. Ya ƙare da 7, aka je raba gardama, Paul Lawrie ya ɗauke kofin. Wallahi ranar har raina ya sosu don tausayinsa.

Abu Khalil, ka ga direbansa bai kashe shi ba. Bugu na biyu ne. Irin naka sak.

Abu_Khalil_KT:
Baba na ji, kuma ta shige ni. Gaskiya lokacin da na tsaya gindin bedin nan, kadina, mai ɗaukar mini jaka, ya ce Yallaɓai mu fita gefe, na ƙi saurarensa. Abin da ke raina shi ne abokan wasa suna kallo, ga kuma ramuka takwas masu kyau da ba na so su tafi a banza.

Tsohon_Kadi:
Yallaɓai, yaron nan yana taka filin sau biyar ko shida a sati. Ya san inda ƙasa ke gangarawa, ya san reshen da ke kama ƙwallo. A riƙa tambayarsu, kuma in sun faɗa aka ƙi ji, kada a dawo a ɗora musu laifi. Wannan na faɗe shi ne don na ɗanɗana.

Sannan akwai hanyar da mutane ke mantawa. In ƙwallo ta shiga inda ba ta buguwa, kana da ikon ka ce ba ta buguwa, ka karɓi tarar bugu ɗaya. Zaɓi uku ne: ka koma inda ka bugo, ko ka ja baya a miƙe bisa layin da ya taso daga tuta ya bi ta kan ƙwallon, ko ka ajiye gefe cikin tsawon sanda biyu ba tare da matsawa kusa da rami ba. Sau da yawa tarar nan ta fi sara uku a cikin ƙaya arha.

Yaron_Layout:
Ana sakin ƙwallon daga kafaɗa ko? Haka na ga wani dattijo na yi.

Hajiya_Fota:
Tsohuwar doka ce. Tun 2019 daga tsayin gwiwa ake saki. A shekarar ne kuma aka rage lokacin neman ƙwallo daga minti biyar zuwa uku, aka kuma yarda ka yi fota tuta na cikin rami. In kana shakkar za a ga ƙwallonka, faɗa wa abokan wasa za ka buga ta wucin gadi kafin ka bar wurin, ya fi ka dawo da ƙafa mutane na jiranka a rana.

Dan_Gobarau:
Ba a taɓo iska ba. Hunturu na shigowa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar nan ta arewa maso gabas ba ta wasa, musamman da hantsi. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne in tana fuskantata sai in ƙara ƙarfi. Ashe ƙarfin na ƙara wa ƙwallo juyi, sai ta hau sama ta tsaya cak ta faɗo gabana. Yanzu sanda nake ƙarawa, ɗaya ko biyu, in rage ƙarfi. Wurin ayon 8 in ɗauki 6 in buga kashi uku cikin huɗu. Kuma iskar da ke gabanka ta fi cutarwa fiye da yadda ta baya ke taimako, kada a ɗauka daidai suke. Ga hazo, wani lokaci tuta ma da ƙyar ake ganinta, nisa ya rikice wa ido. Na'urar auna nisa ta halatta yanzu, in dai ba ta lissafa maka tudu da gangare ba, sai in masu gasa sun hana.

Mai_Doki_Kangiwa:
Haka na sha mamaki a Jos, filin Rayfield. Duk sandunana sun ƙara nisa. Sai aka ce mini tudu ne, garin ya haura mita 1,200 daga teku, iska ba ta da kauri. Na dawo gida da lambobin Jos a kaina, sati biyu ina gazawa.

Ummu_Sadiq:
Shi ya sa takardar Hajiya ke da muhimmanci, kuma a rubuta wata da wurin da aka auna. Wani abu kuma ga masu zuwa filayen da ake amfani da birawun, wato yashi da aka cakuɗa da mai maimakon ciyawa. Can ƙwallo in ta sauka a kai ba ta gudu sosai, kuma bayan an share maka layi fota na son bugu mai ƙwari a miƙe. Wanda ya saba da haka in ya je Abuja filin IBB ya hau girin na ciyawa, sai ya riƙa zarce rami da taku huɗu biyar. Dabarar shiga ma ta bambanta: a ciyawa mai sauri gara ka tsaya ƙasan rami ka yi fota mai hawa.

Hajiya_Fota:
Sannan a daina farautar tuta. In an kafa ta gefe kusa da bonka, tsakiyar girin za ka nufa. Ramin faɗinsa milimita 108 ne kacal, ƙwararrun duniya ma daga ƙafa takwas kusan rabi suke zurawa. Mu aikinmu shi ne kada fota ta kai uku.

Malam_Lissafi:
Bari in dawo kan direba, don har yanzu ban gamsu a ce ya ajiye ba. Abu Khalil ya ce ƙwallonsa dama take karkata. To ya yi wasa da karkatar mana. Ya kafa ti, ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai, a gefen dama na wurin bugu, ya nufi gefen hagu na feyawe. In ta miƙe yana hagu, in ta karkata ta dawo tsakiya, in ta karkata sosai tana gefen dama amma ba ta kai itace ba. Mafi yawanmu tsakiya muke nufa, wato mun ba kuskurenmu rabin fili kawai. Sannan a duba direban kansa. In mai digiri 9 ne da sanda mai tauri, irin wanda ake sayowa na hannu don an ga sunan kamfani, to shi ma yana da laifi. Mai 10.5 ko 12 ya fi yafiya, kuma riƙe shi ƙasa da inci ɗaya yana taimakawa.

Abu_Khalil_KT:
Malam kamar ka leƙa jakata. 9 ne, kuma an rubuta S, alamar tauri, a jikin sandar. Na hannu na saya, mai sayarwar ya ce irin na ƙwararru ne, ban gwada ba na biya.

Baba_Ritaya:
To ka gani. Ina da wani tsohon mai 12 a gida ba na amfani da shi, zan sa a kawo maka ka gwada kafin ka kashe kuɗi. Wata shawara kuma: ka riƙa buga Stableford da abokanka, wato tsarin da ake tara maki rami-rami. Bogi bayan cire handikaf maki ɗaya, far maki biyu, in bugunka ya wuce bogi ba ka da komai, sai ka ɗauki ƙwallonka ka wuce. Rami ɗaya ba zai rusa maka yini ba. Ko a tsarin handikaf na duniya da aka fara a 2020, ba a ƙirga maka fiye da dabul bogi (bugu biyu sama da far) haɗe da bugun da aka ba ka a ramin, kuma takwas mafi kyau cikin zagaye ashirin na ƙarshe ake ɗauka. Wato 9 ɗin nan da ta hana ka barci, a takardar handikaf 7 ce ko 8.

Injiniya_Daura:
Ni dai ina nan kan bakata. Ya yi zagaye uku ba direba, uku da shi, ya rubuta bugun tara da ƙwallon da ta ɓata a kowanne, ya kawo mana nan.

Malam_Lissafi:
Zagaye uku sun yi kaɗan a yanke hukunci, amma na yarda a fara da su. Sharaɗi ɗaya: a yi su cikin wata ɗaya, kada a haɗa na rani da na damina kamar yadda Ummu Sadiq ta nuna.

Abu_Khalil_KT:
Na dawo da rahoto. Jiya Asabar na fita, direba na cikin jaka amma sau biyar kawai na zaro shi, a ramukan da ba itace a dama. Na kafa ti a dama na nufi hagu kamar yadda Malam ya ce, huɗu sun zauna a fili. A ramin nan na bedi haibirid na buga, ƙasa ta ja ta har kusan yadi 190, ayon 7 ya gaza kaɗan, na gangaro da ayon 8 irin na Tsohon Kadi, fota biyu, 5. Sau ɗaya na shiga itace a wani ramin, kadina ya dube ni, na ce ba ni wej. Na tashi da 97. Sai dai fota uku-uku na yi a ramuka biyar, wannan kuma ban san ta inda zan kama shi ba.

Injiniya_Daura:
Madalla. Ka ga ramin da ka bar direba shi ya ba ka 5.

Malam_Lissafi:
Kuma huɗu cikin biyar da ya buga da direban sun zauna a fili, Injiniya, kada a tsallake wannan.

Hajiya_Fota:
Ku biyun nan ba za ku gama ba. Abu Khalil, fota ukun nan daga nesa kake barin ta gajere ko zarcewa kake? Ranar Alhamis bayan la'asar ina filin atisaye, ka zo da ƙwallo goma da takarda. Yaron Layout kai ma ka zo, ka bar mai 60 ɗin a gida.

Yaron_Layout:
In sha Allah Hajiya. Saura guda ɗaya ban san wadda zan cire ba, ayon 3 ko wud 3?